Tsohon da Ke Shinshinar Bindiga

Braimah, mai gadin wani shagon kayan tarihi a Manhattan, ya kasa ɗauke ido daga kan wani tsoho da ya shigo shagon. Jibgegiyar rigar sanyi ce a kan kaftaninsa, hula a karkace, kafaɗar dama ta ɗan rusuna kamar ta wanda ya yi shekara da shekaru yana rataye bindiga. Wannan maharbi ne, in ji Braimah a ransa.

Mai shagon, Bature, yana sanye da farar safar hannu, yana miƙo wa tsohon wata doguwar bindigar sojan Ostiriya ta zamanin da. Tsohon ko kallon adon azurfarta bai yi ba. Hanci ya kai bakinta, yana shinshinawa.

"Baba, lafiya?" in ji Braimah.

"Ba ƙanshin albarushi, yaro. Yaushe rabonta da daji?"

"Ai ta ajiya ce, Baba. Goge ta kawai ake yi."

Tsohon ya sunkuya kusa da ita, ya rage murya. "Sannu, 'yar'uwa. Ni ma 'yata ce ta kawo ni, ta jingine ni gaban talabijin."