Ranar da Na Gaida Kakata da Ladabi

Assalamu alaikum jama'a. Tunda aka daina jin ɗuriyata, na ga masu tambaya ko an kama ni ne, da masu cewa na yi aure a ɓoye. Har wani ya rubuta wai garin Sakkwato ya huta. Ban shiryu ba, jinya na yi.

Abin ya fara da ciwon ƙeya. In na sunkuya ruku'u sai in ji zuciyata tana duka har cikin kunne. A rumfar hatsin kawuna, in na ɗaga buhu sai duhu ya gilma mini.

Mahaifina hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ni na riƙa juya shi a shimfiɗa har Allah ya karɓi abinsa. To duk sanda hannuna ya yi sanyi, sai in ce shi ke nan, layi ya zo kaina.

Na gaya wa abokaina, suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Yau kuma wa za a rufta?" Ban ga laifinsu ba.

Kakata Hajiya Ige ce ta gano ni. Tun ina yaro amaryata nake ce mata, in sace mata goro, ta bi ni da mafici. Rannan na shiga ɗakinta na durƙusa, na ce, "Hajiya, an tashi lafiya?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya? Ni? Wanga yaro ba shi da lahiya. Tashi mu tahi asibiti."

Muka yanki kati, muka bi layi har rana ta take. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka manna mini wayoyi a ƙirji don duba zuciya. Da nas ta ɗaura mini abin awo a dantse ya fara matsewa, kalmar shahada na shiga yi. Lambar sama ta haura ɗari da sittin.

Likita ya ce, "Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, balle ga mai rawar jiki haka. Nemi na'ura, ka auna a gida safe da yamma, ka kawo mini."

Kawu ya biya kuɗin gwaji. Na'urar kuwa ta ci abin da ya kusa kuɗin buhun gero, shi ma shi ya saya.

Nan na ƙara wa kaina wata cutar. Safe da yamma aka ce, ni kuwa bayan kowace salla sai na auna, tsakanin sallolin ma haka. In ta hau, in sake. In na sake, ta ƙara hawa. Na bar zuwa kasuwa, na bar majalisa, batir ma ya gaji da ni.

Hajiya ta ƙwace ta, ta kulle a adakarta.

"Mijin banza, ka tasa ƙarhe gaba awa mai duba. Sau biyu likita yac ce, sau biyu za ka gan ta."

Likita ya ce kafin awo a zauna minti biyar, ba motsi ba magana. Ku da kuka san bakina kun san wannan ya fi allura zafi. Ni ba agogo gare ni a kai ba, amma na san tsawon surar Tabara. Sai in jingina da bango a kujera, in karance ta a zuci a hankali, Hajiya tana gefe da tasbaharta. In na kai ƙarshe ta danna maɓallin da kanta, in ɗauki hoton lambar da waya.

Da muka koma, likita ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Jininka ya hau, gaskiya ne, amma an tare shi da wuri. Ƙodarka lafiya, zuciyarka lafiya. Tsoron nan ma sai mun yi maganinsa."

Na ce, "Likita, zan shanye irin na Baba?"

Ya ce, "Babanka bai san yana da shi ba. Kai ka sani."

A adaidaita na yi kukana, Hajiya ta rufa mini gefen mayafinta don kada 'yan unguwarmu ta Ƙofar Marke su samu abin faɗi.

Yanzu ƙwaya ɗaya nake sha da safe. An rage mini gishiri da sinadarin ɗanɗano a miya, na bar lemon ƙarin kuzari da shayi mai kauri. Lambobin sun sauko, na koma rumfa.

Godiya ga Allah, ga Kawu, ga likitan nan mai haƙuri, da amaryata. Allah ya jiƙan Baba.

'Yan'uwa, ƙuruciya ba ta hana hawan jini. In akwai shi a gidanku, ku je a auna ku. In kun sayi na'ura, ku tambayi likita yadda ake amfani da ita, kuma ku tsaya iya ƙa'idar da ya ba ku. Kada ku bar magani don lamba ta yi kyau. In mai yawan barkwanci ya ce muku ba shi da lafiya, ku saurare shi.

Jiya da yamma na shagala ina tsokanar masu ɗinki, har aka kira magariba ban tuna da awo ba. Sai Hajiya ce ta aiko a kira ni. Na taho gida ina dariya ni kaɗai a hanya, don rabon da in manta da jikina har na manta.