Ɗaya ga Watan Ɗaya

Shekarar da na yi aikin rajistar manoma a wata ƙungiya a ƙasar Kiru, sau uku na shigar da sunan kawuna a kwamfuta, sau uku yana ɓacewa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Aikin ba wuya a ido. Ƙungiyar za ta raba irin masara mai saurin nuna kafin damina, kuma sai wanda sunansa ke cikin jeri zai samu. Aka ba ni kwamfuta da wata manhaja da wani injiniya ya rubuta a Kano. Manomi ya zo, in rubuta sunansa da garinsa da ranar haihuwarsa. Da la'asar in haɗa kwamfutar da wayata, bayanan su tafi babbar na'urarsu ta birni, washegari jerin ya dawo mini a tace.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ne na farko a layi ranar da na je Dangora. Ya zauna a gabana ya gyara hula kamar za a ɗauke shi hoto. Da na tambaye shi ranar haihuwa sai ya kama labari, ni kuwa layi ya kai bakin titi, rana ta take. Ban saurare shi ba. Na yi masa abin da nake yi wa kowa, abin da ake yi a makaranta da asibiti da ko'ina a ƙasar nan: wanda bai da takardar haihuwa, ɗaya ga watan ɗaya. Shekaru kuwa da ido muke aunawa. Mai furfura sittin, wanda ta fara fito masa hamsin.

Bayan kwana biyu aka liƙa jeri a bangon ofis. Babu Kawu.

Ya zo ya same ni, bai ko zauna ba. Ya ce, "Ɗan nan, ko na yi maka wani laifi ne?"

Na ce, "Haba Kawu! Na'ura ce, yanzu zan gyara."

Na sake shigar da shi a gabansa, na juya masa kwamfutar ya ga sunansa da idonsa. Washegari jeri ya dawo, babu shi. Kuma ba shi kaɗai ba. Mutane suka fara taruwa a ƙofar ofis, kowa da ƙorafinsa, har aka fara raɗe-raɗin cewa ni nake goge sunaye in sa na abokaina. Ni da ko rabin mudu ban rubuta wa kaina ba!

Na kira injiniyan. Ya ce in kashe kwamfutar in kunna. Na kashe na kunna. Ya ce to sabis ɗinmu ne ba ƙarfi. Na hau babur na tafi har wajen Bagauda inda waya ke kamawa sosai, na zauna ƙarƙashin bishiya na tura Kawu karo na uku. Da safe babu shi. Na sake kira, mutumin nan ya ce mini cikin muryar wanda ke shan iskar fanka, "Malam, a wajenmu komai lafiya yake aiki." A wajensu! Kamar a ofishinsu za a shuka masarar.

Daga nan na daina kiransa. Na sayi littafin rubutu na ɗalibai, na rubuta duk wanda ya zo ƙorafi a shafi ɗaya, na zauna ina gwada su da jerin da ke bango. Kwana uku ina wannan aiki, hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas, manoma sun gama sharar gona. A rana ta uku na lura da abu guda: duk wanda ya ɓace, akwai takwaransa da ya tsira. Kawu yana da takwara a wata unguwa, shi ma dattijo. Suna ɗaya, kuma dukkansu sunan garin suka bayar a matsayin suna na biyu, kamar yadda muka saba. Dukkansu na ba su shekara sittin. Dukkansu na rubuta an haife su ɗaya ga watan ɗaya. Na'urar birni ta ga mutum ɗaya an rubuta sau biyu, ta riƙe ɗaya ta zubar da ɗaya.

Na gwada. Na sake shigar da Kawu, na mayar da ranar biyu ga wata. Washegari ga shi nan daram a cikin jeri, amma da jan rubutu a gefe: an rufe rajista tun jiya, motar iri ta riga ta taso.

Na kira injiniyan cike da haushi. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Sai ya ce, "To ai ba laifin manhaja ba ne, bayananku ne ba tsafta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai kakanka ran nawa ga wata aka haife shi?"

Ya katse wayar. Wannan mutum Bahaushe ne kamar ni, ya san yadda muke sa suna, ya san rabin dattawan ƙasar nan rana ɗaya aka haife su a takarda. Amma ya zauna ya rubuta manhaja kamar ta wata ƙasa, bai taɓa zuwa ya ga layi ɗaya na manomanmu ba. Daga baya sun gyara, ba tare da ko sannu ba. An ce waɗanda suka ɓace sai baɗi.

Na sami Kawu a gona yana shuka tsohon irinsa da ya ɓare daga zangarniyar bara. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labarin duka na faɗa masa, ina ta zagin na'ura da mai na'ura. Ya saurara har na gama, bai daina jefa iri a rami ba.

Sai ya ce, "Wace rana ka ce ka rubuta mini?"

Na ce, "Ɗaya ga watan ɗaya, Kawu. Haka ake yi wa wanda bai san ranarsa ba."

Ya miƙe ya dube ni. Ya ce, "Wa ya ce maka ban sani ba? Ranar Alhamis aka haife ni, da kaka, ana yankan dawa, kwana uku bayan ƙaramar salla. Kakarka ta sha faɗa mini. Kuma na faɗa maka ranar nan, kana ta danne-dannenka."

Ya miƙo mini ƙwaryar irin, ya ɗauki sungumi ya wuce gaba, ni kuma na bi bayansa ina jefawa ina rufewa da ƙafa.