Shekara Ashirin Ina Ɓoye Fitsarin Jini

Ni tela ne a unguwar Briqueterie ta birnin Yaoundé, kuma a da ina ganin kaina ƙato mai lafiya. A arewa na tashi, kusa da gonakin shinkafa, inda muke wuni muna iyo a magudanan ruwa. Ni da kusan duk sa'o'ina muna fitsarin jini, manya kuma suna ce mana alamar balaga ce. Da wannan tunanin na sauko Yaoundé koyon ɗinki.

Jinin yakan ɗauke ya dawo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsarki. Ina gama alwala sai in ji ɗigo, in koma gida in sake wando. A hankali na bar sahun gaba, na koma raɓewa a bakin ƙofar masallaci. Matata ce ta fara ganin tabon wajen wanki. Ta tambaye ni cikin ladabi ko wani ciwo na kwaso a waje, ni kuwa maimakon in yi mata bayani sai na rufe ta da faɗa. Daga nan ta daina sakin jiki da ni. Na sha kafso na masu sayar da magani a tebur a kasuwar Mokolo, na sha jiƙe-jiƙe, har na gaji na bari.

Wata nas daga unguwar Cité Verte da nake yi wa ɗinki ce ta lura na tashi zagayawa sau biyu kafin in gama kalmasa mata zane. Ta tambayi garinmu, sannan ta ce in kai fitsarina asibiti a duba bilharziose, wato tsargiya. Gwaji ya nuna ƙwan tsutsar da ke kawo cutar, wadda ke shiga jikin mutum in ya shiga ruwa irin wanda muke iyo a ciki. Ƙwayoyin da aka ba ni, rana ɗaya tak na sha su. Sai dai likita ya ce mafitsarata ta riga ta yi tabo, kuma tabon ba ya gogewa. Da na kai wa matata takardar, ta yi kuka tana neman gafarata, alhali ni ne mai laifi.

Yau ba na iya awa ɗaya a kan keken ɗinki ban tashi ba. Na gane kunyar da na riƙe ta fi tsutsar yi mini ɓarna. 'Yan'uwa, wanda ya ga jini ya je a gwada shi. In an kawo maganin tsargiya makaranta, ku fara ciyar da yaranku, sannan ku bar su su haɗiye. Ni ban samu wanda ya gaya mini haka da wuri ba.