Malam Bunyaminu Mai Jirgi da Allurar da Aka Ɗora wa 'Yarsa

An haifi Malam Bunyaminu a shekarar 1958 a garin Kaoje da ke ƙasar Bagudo. Mahaifinsa Ɗanmusa masunci ne, mahaifiyarsa Mero kuwa sana'arta bandar kifi.

Karatu da Sana'a

Ya yi karatun allo har ya kai izu goma, daga nan ruwa ya janye shi. Tun daga 1974 yake tuƙa jirgi a kogin Kwara, yana ɗaukar shinkafa da 'yan kasuwa zuwa Lolo har tsallaken ƙasar Binin, kuma an san shi da cewa in ya kafe a kan magana, ko Sarkin Ruwa ba ya tanƙwara shi.

Aure da Zuriya

A 1981 ya auri Tasallah, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Ta tsakiyarsu, Shafa'atu, ita ya sa a makarantar kiwon lafiya duk da adawar ƙaninsa Abbas, ta kammala ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Bagudo.

Rashin Lafiya

A 2017 ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yanke masa in ya ɗaga buhu. A bazarar 2018 Shafa'atu ta kai shi wani babban asibiti a Sakkwato, inda aka yanke shawarar zura masa wani ruwa mai kamar rini ta jijiya domin zuciya ta fito a hoto. Likita ya yi bayani cewa ruwan yana janyo ruwan jiki cikin jini, ɗakin zuciya ya cika fiye da ƙima, bugunta ya yi rauni na ɗan lokaci kafin ya dawo, sannan ƙoda ta wanke shi. Aka umurce shi da kada ya ci abinci ranar, amma ya sha ruwa.

Ranar ta faɗo Alhamis. Malam Bunyaminu ya ga tunda yunwa zai sha, bai kamata ta tafi a banza ba, sai ya ɗaura niyyar azumin nafila bai gaya wa kowa ba. Kofin ruwan da 'yarsa ta miƙa masa, a ƙarƙashin gado ya ajiye shi. Da ruwan rinin ya shiga jijiya, ƙirjinsa ya yi nauyi, numfashi ya sarƙe, sai da likitoci suka taru a kansa. Bayan haka ƙodarsa, wadda ta bushe da ƙishirwa, ta kwantar da shi har ya kusa tafiya. Amma hoton ya fito, ya nuna zuciya ta buɗe kuma bugunta ya yi sanyi, aka ɗora shi a kan maganin da ya dace.

Zargi

Kafin su dawo gida, labari ya riga su cewa Shafa'atu ta kai ubanta an zuba masa baban rini a zuciya. Abbas ne ya fi yaɗa shi. Mata suka daina karɓar allura daga hannunta, wasu ma ko sallamarta ba sa amsawa. Da ya samu ƙarfi, Malam Bunyaminu ya je bakin ruwan Lolo ranar kasuwa, ya tsaya cikin jirgi ya ce: "Ni na hana kaina ruwa, ba ɗiyata ba. Mai neman gawa ya dube ni da kyau, in ya ƙoshi ya zo ya kama mini buhu." An yi dariya, amma maganar ba ta mutu ba.

Ƙarshen Rayuwa

Ya ƙara shekara biyar yana zaune a bayan jirgi yana nuna hanya, babban ɗansa Jamaluddeen na riƙe da inji. A kakar 2023 ciwon ya taso, ya kira liman ya bar wasiyya ɗaya: duk wanda har yanzu yake ɗora wa Shafa'atu laifi, kada ya tsaya a sahun sallarsa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 2023 a gidansa da ke Kaoje, yana da shekara sittin da biyar. Kafin kabbara liman ya faɗi wasiyyar da ƙarfi, ya dakata. Jama'a suka juya suna kallon Abbas a sahun gaba. Ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya gyara tsayuwarsa ya ce wa liman ya tayar. Babu wanda ya fita. Aka binne shi a maƙabartar garin bayan la'asar.

Ya rasu ya bar matarsa Tasallah da 'ya'ya uku: Jamaluddeen, da Shafa'atu, da Zulkiflu. Allah ya jiƙansa da rahama.