Akwati a Kan Sikelin Masara

A kasuwar Sabon Gari, wata dattijuwa mai tabarau a goshi tana ɗora akwatinta a kan sikelin mai sayar da masara. Daga tsayuwarta, tsohuwar malamar makaranta ce, irin wadda ba a ja mata.

"Mama, ya yi nauyi," in ji mai sikelin.

"Na sani. Babban jirgin Malesiya ba ruwansa. Ƙaramin da zai kai ni tsibirin da ɗana Shekari ke karatu, shi ne marowaci."

Sai ta zuge akwatin, ta zare leshinta na zuwa coci, ta bar ƙullin daddawa da kuka.

"Mama, har leshin?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Yaron bai ce yana kewar leshina ba."