Gurbin da ke Ƙarƙashin Rumfa

Kofur ya bar soja da ɗingishi a ƙafar hagu da kunne ɗaya da ba ya ji, amma bai bar fareti ba. Da aka ba shi kula da ɓangaren tsofaffin sojoji na maƙabartar gari, sai ya mayar da wurin bariki. Da igiya yake daidaita duwatsun kaburbura, ciyawa ba ta isa ta ɗaga kai ba, akuyar da ta tsallako katanga kuwa ta gamu da gamonta. Matarsa takan ce matattu sun fi ta morarsa, su kaɗai yake yi wa magana ba tsawa.

Dokar wurin ɗaya ce: ba a kama wa kowa gurbi. Wanda ya riga mutuwa shi ke shiga layi, kanar ne ko kuku. Kofur ya fi kowa riƙon dokar nan, har ranar da ya auna layin ƙarshe ya ga saura wurin mutum ɗaya a jikin katanga. Bai yi wata-wata ba ya kafa rumfar kwano a kai, ya jibge baro da shebur da gwangwanayen fenti, ya sanar cewa wuri ya cika. Ba maƙaryaci ba ne. Ya dai ga yadda aka bar abokansa a daji ba ko alama, kuma yana tsoron a binne shi inda ba wanda zai san ya taɓa riƙe bindiga. Matarsa kaɗai ta sani, don ita ta riƙe masa ginshiƙan.

Tsofaffin sun yi ƙaranci, ba wanda ya zo nema. Sai wata safiya, yana tsugune yana maimaita fentin wani suna da ya koɗe, ya ga 'yar Mai Begila ta nufo shi. Ubanta ne ke busa musu ƙaho a fagen daga, sun sha ruwa a gora ɗaya da Kofur. Takalman tsohon na hannunta a cikin leda. Kofur ya gane abin da ya faru tun kafin ta buɗe baki.

"Baba, abokinka ya cika ɗazu a asibiti," ta ce. "An ce nan babu wuri. Na zo in ji daga bakinka."

Ya yi masa addu'a, ya ja ta da tsawo. Sannan ya ce, "Haka ake faɗa, 'yata."

"Ba abin da ake faɗa na tambaya ba. Masu haƙa suna bakin ƙofa, mota na jira. In babu ka ce babu, mu gangara can ƙasa wurin kowa da kowa."

Rana ta dame ta, ta matsa cikin inuwar rumfar. Kofur ya dubi inda ƙafafunta suke, daidai kan gurbin da ya ɓoye. Ya juya mata kunnen da ba ya ji, kamar hakan zai jinkirta amsar. Daidai nan matarsa ta iso da kwanon abincinsa, ta tsaya, ba ta ko yi sallama ba.

"Ko ɗan lungu ne, Baba. Ya rame sosai, ba zai ci wuri ba."

Fenti ya ɗiga a kan takalminsa. Ya ce, "Babu."

Yarinyar ta gode masa, abin da ya fi zagi ciwo, ta juya ta kama hanyar ƙofa.

Matarsa ta ajiye kwanon a kan baro. Ta zagayo ta ɓangaren kunnen da ke ji.

"Maigida, na riƙe maka sirrin nan ban taɓa tambayarka komai ba. Yau zan tambaya. Kai ka kwanta cikin abokanka, ni fa? Nan ba a sa matan soja. Lokacin yaƙi na zauna ni kaɗai, da ka dawo ka tare a nan, a kabari ma kwanciyar kaɗaici ka shirya mini?"

Bai taɓa tunanin wannan ba, ko sau ɗaya, kuma kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Ya ɗaga kai. Masu haƙa sun saɓa diga a kafaɗa, yarinyar ta kusa fita. Ƙafar nan ba za ta cim musu ba. Sai ya cika ƙirji ya saki muryar da rabon da a ji ta tun yana cikin kaki.

"Kai! Ku dawo! Ku cire mini rumfar nan!"

Suka tuge ginshiƙan, suka janye kwanon. Ƙasa ta bayyana a share, an tsince mata ko tsakuwa, tsawonta daidai mutum. Yarinyar ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta dubi tsohon da ke dafe da baro.

"Baba, wannan wurin na wa ne?"

"Na ubanki ne," in ji Kofur. "Ya riga ni."