Yadda Inna ta tumɓuke min idon zakara

Shekarun baya, lokacin tsuke bakin aljihu, ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo, albashi ya daina kai mu ƙarshen wata. Sai na yi abin da malamai da yawa suka yi: na kewaye bayan gida da waya, na kafa akurki, na zuba kaji. Ƙwansu ne cefanenmu, ni da matata da 'yarmu mai shekara uku.

Bazarar farko ta nuna min kuskurena. Babu ko bishiya a wurin. Da azahar sai ka ga kajin sun buɗe baki suna haki, ƙwai kuma ya ja baya. Na ƙudura cewa kafin wata bazarar sai na samu tsiro mai yaɗo ya rufe wayar.

Da damina ta sauka, na ga wani tsiro ya nannaɗe shingen wani lambu a hanyar Mainika, ganyensa ƙanana, gwanin kyau. Mai lambun ya ce sunansa idon zakara. Ina jin sunan na ce shi ke nan, ai na kaji ne. Iyakar binciken da malamin makaranta ya yi ke nan. Na haƙo saiwa uku na ɗaura a keke, na dasa, ya kama. Bayan kaka ya yi kwanso, kwanson ya fashe, 'ya'yansa jajaye masu ɗigon baƙi suka riƙa zuba cikin akurkin. Har abokaina nake kira su zo su gani.

Sai kaji biyu suka fara zawo suna rurrufe ido, ɗaya ta mutu. Na ce annoba ce.

A makon ne mahaifiyata ta zo daga Garo ganin jikarta. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma tun ina yaro ba a raba ta da kaji da awaki. Bayan mun gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa, sai yarinyar ta zo tana nuna mata abin wasanta: 'ya'yan idon zakaran nan ne cike a murfin kwalba. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi murfin, ta buɗe bakin yarinyar ta duba da kyau, ta tambayi matata ko ta ga tana taunawa. Matata ta ce a'a, jera su kawai take yi a ƙasa. Inna ta wanke mata hannu da sabulu, sannan ta juyo gare ni ta ce in kai ta inda suka fito.

Ta daɗe tana kallon shukar tawa. Ta sa na yanka kazar da ke ciwo, ta tsaga ƙundun da kanta, ta nuna min jan ɓawo a niƙe cikin tsakuwa.

“Guba ce, Malam,” in ji ta. In ta kira ni Malam, na san na yi shirme. “Kaza ba ta da haƙori, amma ƙundunta yana niƙa. Ita kuwa yarinyar nan haƙoranta sun gama fitowa.”

Muka binne kazar. Inna ta ɗaure zani, ta karɓi fartanya, ta tumɓuke shukar har saiwa ta cinna mata wuta, sannan ta durƙusa tana tsince 'ya'yan ɗaya-ɗaya har la'asar, mu ma muka bi ta.

Kwana biyu ta zo yi, ta yi mako uku. Ta aika Garo aka kawo mata irin soso da na kabewa da garafuni. Ƙa'idarta ɗaya ce: abin da ba za ta yarda ya shiga tukunyarta ba, ba za ta dasa wa kaza ba. Kabewa da garafuni ana ci, soso ma ana cin ɗanyensa. Ta shuka su a wajen waya, ba a ciki ba, domin kaji za su tone saiwar. Ta kifa wa kowane rami tsohon tulu mai fasasshen gindi, tsiron ya fito ta sama. Da na ce rani ne, ina za mu samu ruwa, sai ta ce mu riƙa yin alwala a gindinsu, sau biyar a rana ya ishe su. Ta kuma gargaɗe ni in riƙa sassabe ganyen ƙasa, don kada maciji ko tunku su samu maɓoya.

Kafin zafi ya tsananta, soso ya haye rufin, kabewa ta bi gefe. Kajin suna kwance a inuwa suna tsattsagar ganyen da ya leƙo ciki, shaho ya daina hango 'yan tsaki, ƙwai ya dawo.

Har yau idan na tuna, abin da ya fi burge ni ba sanin tsirrai ba ne, natsuwarta ce. Ta ga guba a hannun jikarta, amma ba ta firgita yarinyar ba, ba ta kuma kunyata ni a gaban matata ba. Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, na ba ƙanwarta wannan labarin, sai na ga tana mamaki. Ashe Inna ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙanwar ta ce da Inna ta koma Garo aka tambaye ta me ya zaunar da ita a Gwarzo har mako uku, sai ta ce ɗanta ne ya iya kiwon kaji, ta tsaya tana koyo.